Zobe a Cikin Albasa

Kawuna mai dabo ne. Wan mahaifiyata ne, mutumin Rabah, kuma lokacin da ake gina dam ɗin Goronyo shi ne ke bin leburori ranar da anka biya su, ya shimfiɗa buzunsa gindin dogon yaro, ya jera ƙoƙuna uku da zare da ƙwandala, ya riƙa ɓatar da abu yana maido shi har su manta da gajiya. Da aikin dam ya ƙare sai ya koma bin kasuwanni, yau Gandi, gobe Rimawa, jibi Shinaka ko Wurno. Kafin ya taɓa komai sai ya ɗaga hannuwansa ya ce, "Jama'a, ba sihiri ba ne, hannu ne. Wanda duk ya ga aljani nan shi gaishe shi, ni dai ban gan shi ba." Don wagga magana malamai sunka ƙyale shi, har wasu kan tsaya daga nesa su ɗan kalla sannan su wuce.

Mu biyu ya koya ma: ni ɗan ƙanwarsa, da ɗansa na cikinsa, taubashina. Sa'anni muke. Tun muna yara yake cewa ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa, har yau ba a yanke wagga shari'a ba. Amma a wajen dabo babu gardama, Allah ya ba ni hannu, shi ya ba shi baki. In ya ɓoye ƙwandala tsakanin yatsu sai ka ji ta ƙwal a ƙasa kafin ya gama bismilla. Ni kuwa ina iya riƙe uku ina gaisawa da mutum bai sani ba. Sai dai in ƙwandalarsa ta faɗi, zai kawo wata magana da za ta sa kowa dariya har a manta abin da ya faɗi, ni kuwa in na gama wasana lafiya lau sai in rasa abin cewa. Tun lokacin ya kamata in gane inda duniya za ta karkata, ban gane ba.

Akwai wasa ɗaya da Kawu bai koya mana tare ba, shi ne na zobe. Zai karɓi zoben azurfa daga hannun wani cikin 'yan kallo, ya kifa ƙoƙo a kansa, ya sa mai zoben ya ɗora ƙafa bisa ƙoƙon. Sannan ya aiki wani ya zaɓo albasa daga tulin mai sayarwa, wadda duk ya ga dama. Sai ya zaro wata wuƙa mai faɗi mai ƙotar ƙaho, ya ɗaga albasar daidai ƙirjinsa, ya tsaga ta sannu a hankali. Ga zobe kwance a tsakiyarta, jiƙe da ruwan albasa. A ɗaga ƙoƙo, wayam. Na ga dattijon Bafulatani ya karɓi zobensa ya sansana, ya sake sansanawa, ya tafi ya bar sandarsa.

Wasan yana da doka. Kawu na zaune bisa buzu, kowa na tsaye. In wani ya tsuguna a gaba sai ya tsaya cak ya ce, "Miƙe ɗan'uwa, mai zaune ba shi ganin alheri." Kuma bai taɓa yin na zobe gaban manya ba. In wani basarake ko babban malami ya kira shi zaure, zai yi na zare, ya yi na ƙwai, amma da an ambaci zobe sai ya sunkuyar da kai ya ce a gafarce shi, ba ya iya karɓar zobe daga hannun babba. Mutane sunka yi ta yaba ladabinsa. Ni ma na yaba, shekara da shekaru.

Sai da hannunsa ya fara rawa, har cokali na gagararsa, ya aika a kira ni. Na riga na yi aure lokacin, ina noman albasa a ƙasan dam. Ya saki asabarin zaure, ya nuna mini. Zoben tun kafin ƙoƙo ya sauka ya bar wurin, yana tafin hannu. A ƙarƙashin wuƙar, kusa da ƙota, akwai ɗan kakin zuma, nan ake manna shi lokacin da hankalin kowa ke wajen mai zaɓen albasa. Wuƙa ta shiga a kwance, babban yatsa ya tura zoben cikin tsagar. Wanda ke tsaye bayan wuƙa kawai yake gani. Wanda ke ƙasa kuwa cikinta yake kallo.

"Babba ba a ce mashi tashi tsaye," in ji Kawu. "Ladabin ke nan duka."

Na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Ya ɗora mini wuƙar a hannu ya ce, "Wanga naka ne kai ɗaya. Ɗana na da baki, kuma baki ba shi riƙe zobe. Abu biyu nika roƙonka: kada ka gaya ma kowa, kada ka yi shi gaban mai zaune."

Daga nan na zama mai zobe. Noma shi ne ci da shana. In an saki ruwa muna bakin kwata tun asuba, dashe, ban ruwa, cira, ɗaurin buhu. Amma ranar kasuwa, in na gama da 'yan sari, sai in kakkaɓe buzun in zauna. Abin da ake jefawa ba ya wuce na goro da man babur, ba don shi nake yi ba. Don wannan shirun nake yi, lokacin da wuƙa ke shiga albasa kasuwa duka ta riƙe numfashi, sannan a kwashe da salati. Daga Goronyo har Gandi in ka ce mai zobe, ni ake nufi. Taubashina kuwa ya daɗe da watsar da dabo, ya buɗe shago a Wurno yana cajin waya da tura ma mutane fina-finai. In na je garin nakan tsaya in yi masa tsiya, in ce ubansa na ɓatar da ƙwandala, shi yana ɓatar da batiran mutane.

Wata rana da hantsi, lokacin dashen albasa, na ga masu yi mini aiki sun bar kunyoyin albasa sun taru kan waya ɗaya a bakin kwata. Na taho da faɗa a bakina. Ina leƙawa sai ga taubashina. Wallahi da ƙyar na gane shi. Jan rawani, baƙin gilashi, hayaƙin turaren wuta na tashi bayansa, ga wani kiɗa mai ban tsoro. Ya matso da fuska ya ce da wata murya da ban san yana da ita ba, wai yau zai tona sirrin da 'yan dabo sunka ɓoye tun kaka da kakanni, sirrin da in an ji ya faɗa rayuwarsa na cikin haɗari. Mi ne ne sirrin? Zaren da ake yankewa ya koma ɗaya. Abin da Kawu ya koya mana ranar farko, muna da majina a hanci.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya dube ni ya ce, "Ashe ɗan'uwanka shi ne gwanin." Na ce su koma aiki, ba kallo nake biyan su ba. Ranar na dasa albasa kamar da ita nake faɗa.

A hankali na gane yadda kasuwar tasa ke tafiya, don na bi ta kaf, ni da nake cewa ba ruwana. Darasi arba'in ya ce yana da su. Uku na farko kyauta a shafinsa, sauran sai ka tura kati ko ka biya ta waya a sa ka cikin guruf. Kowane darasi sai an yi mako guda ana shelarsa: saura kwana uku, saura kwana biyu, wanda bai shiga ba ya yi asarar rayuwa. Kullum gurbin mutum goma ya rage, kuma goman nan ba su taɓa cika ba. Ya zuba zare da ƙoƙunan roba cikin leda, ya manna hotonsa, ya ce kayan aiki ne na musamman da anka yi odarsu. Ya ce a Indiya ya ƙaro ilimi, mutumin da na sani in motar haya ta wuce Gusau sai ya fara amai. Inda hannunsa ya gaza kuwa, kuma yana gazawa kullum, sai ya yanke bidiyon ya haɗa. Ni ina ganin wurin yankan, har kajin da ke bayansa na sauya wuri. Amma mabiya sai ƙaruwa suke, har sunka sa masa Farfesa.

Kuma a ƙarshen kowane bidiyo sai ya ɗauko albasa, ya juya ta gaban waya, ya sa zobe kusa da ita. "Darasi na arba'in," zai ce, "uban darussa. Shina nan tahe." Duk lokacin da na ga haka sai in ce ko dai ya gano, sannan in tuna ai bai sani ba, in yi tsaki.

Wasannina sunka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. In na rufe hannu a kasuwa sai wani saurayi ya ce, "Tana ɗayan." In na jawo zare a ce an gani a waya. Na riƙa gaya ma mutane cewa abin da ke ɓata mini rai shi ne ya mai da gadon ubansa gwanjo. Wannan gaskiya ce, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Abin da ke cin raina shi ne sabon babur ɗinsa. Shi ne yadda ake ɗaukarsa a mota zuwa Sakkwato wajen bikin masu kuɗi, ya je ya zubar da ƙwandala a tafa masa. Shi ne ranar da na shigo gida na tarar da maiɗakina ta ajiye tsintar shinkafa tana dariya ita kaɗai da waya a hannu, na leƙa, shi ne. Ni da na yi shekaru ina fitar da zobe daga albasa a gabanta ba ta taɓa yi mini irin wannan dariya ba. Hassada ce, ba na ba ta wani suna. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na yi ta zuba masa taki buhu buhu.

Ranar da na kai albasa Wurno na tsaya shagonsa. Ya faɗaɗa shi, ya sa fanka da labule baƙi inda yake ɗaukar bidiyo. Ba rawani, ba gilashi, yana cin rogo da ƙuli.

"A'a, bawana, kai ne tahe? Zauna ka ci arziki."

"Farfesa," na ce, "ya mutanen Indiya?"

"Suna gaishe ka. Sun ce ka rage baƙin rai."

"Darasi na arba'in fa? Yaushe?"

"Shina nan tahe."

"Ba ka san shi ba. Ni da kai mun san ba ka san shi ba. Romon baka kake sayar ma bayin Allah."

Ya dube ni, ya ɗan yi murmushi, ya ce, "In ka ce." Sannan ya share hannu ya matso. Wai mu haɗa kai. Shi ya san hannuna ya fi nasa nesa ba kusa ba, duk duniya ba wanda zai gaya masa. In zo in riƙa yin wasannin, ban da na zobe, shi yana magana, a raba abin da anka samu. "Ba sai an nuna fuskarka ba," ya ce. "Hannun kawai za a ɗauka."

Yanzu na san da zuciya ɗaya ya faɗa, don ya san ni da jin kunyar waya. Amma a lokacin ji na yi kamar ya watsa mini ruwan zafi. Hannuna ƙarƙashin jan rawaninsa, a tafa ma Farfesa. Na miƙe na ce Allah ya sawwaƙe, ko bara nake ban yi masa ƙodago ba. Na fita ban taɓa rogon ba, har na manta hulata sai da ya aiko mini da ita.

Tun a hanya na yanke shawara. Zan yi nawa bidiyon. Ba koyarwa zan yi ba, Allah na gani, ban taɓa niyyar karya alkawarin Kawu ba. Nunawa kawai zan yi, tiryan-tiryan, ba yanka ba haɗi, don duniya ta san wa ke da zobe cikin albasa, ta kuma san darasi na arba'in ba hannun Farfesa yake ba.

Na bari sai da munka gama cira. Na zaɓi wata safiya da ba kowa a gona, don ba na son a ga ina magana da waya kamar taɓaɓɓe. Na sa shaddata ta Sallah, na ari zoben maiɗakina, na shimfiɗa buzu gaban tulin albasa, ga ruwan kwata na sheƙi a baya. Saura wurin ajiye waya. Na duba, ba kujera, ba turmi, ba reshe. Sai na jingina ta da gindin injin ban ruwa, a ƙasa, na tokare ta da hoge, na daidaita har na ga fuskata da hulata sun fito sosai. Ni a raina waya ba mutum ba ce. Ko sau ɗaya maganar mai zaune ba ta zo mini ba.

Ban taɓa yin wasan da kyau irin na ranar ba. Hannu ya tafi kamar ruwa. Har magana ta zo mini, ni da ba na iya ta. Na ce jama'a ga shi, ba gilashi, ba hayaƙi, ba Indiya, gadon Rabah ne, kuma mai shi ɗaya ne. Na ɗaga albasa daidai ƙirji, na tsaga, zobe ya fito. Na kalli bidiyon sau huɗu a cikin rana, a fuskar wayata mai tsaga biyu, kuma duk huɗun fuskata nake kallo, ina duba ko hular ta karkace.

Da na koma gida na nuna ma maiɗakina. Ta ce ya yi kyau, sannan ta ce, "Malam, da ka bari Kawu ya gani tukuna." Na ce mata lokacin da take ƙyalƙyala dariya kan na wancan, izinin wa ta nema? Ta ci gaba da aikinta. Na tura shi guruf ɗin manoman albasa, na tura ma duk wanda ke cikin wayata.

Kwana biyu na sha daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Waya ta yi ta ƙara. Mutanen da ban sani ba na gaishe ni a bakin tasha. Wani maƙwabcina ya ce ƙaninsa da ke Legas ya turo masa, ƙanin bai san maƙwabta muke ba. A rana ta uku, ina cikin ɗaurin buhu, taubashina ya kira. Ba bawana, ba tsiya, ko gaisuwa babu.

"Goge shi yanzu. Ka ce ma duk wanda ka tura ma shi goge."

"Ya ƙone ka ke nan, Farfesa?"

"Ina ka aje wayar da ka ɗauka?"

"Inda ba ka iya ajewa," na ce, na kashe. Ya sake kira har sau biyar ban ɗauka ba. Na gaya ma masu ɗaurin buhu cewa yau na ga hassada ƙiri-ƙiri, ɗan'uwanka ya ga ka samu ya ce ka zubar. Ni ne fa nake faɗin haka, ni. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ranar kasuwar Gandi na tafi da wuri. Ban taɓa tara mutane irin na ranar ba, tun kafin in shimfiɗa buzu an kewaye ni. Na ce lallai waya ta yi aiki. Wani mahauci da na sani ya ba da zobensa, ya taka ƙoƙo, anka zaɓo albasa. Na zaro wuƙa, na ɗaga albasa daidai ƙirji. Sai na gaba sunka tsuguna. Na bayansu ma sunka tsuguna. Kafin in ce miƙe, da'irar duka ta sauka ƙasa, manya da samari, wasu har da dafa ƙasa suna karkatar da kai, kowa idonsa na ƙarƙashin wuƙata. Ba wanda ya yi ihu. Wani saurayi ne kawai ya ce, cikin ladabi ma, "Baba, ɗan juya ta mu ga kakin."

Hannuna ya tsaya a sama. Mahaucin ya ciro wayarsa ya miƙo mini, kamar mai ba da haƙuri. Bidiyona ne, amma wani ya rage masa gudu, ya zana jan da'ira a ƙarƙashin wuƙar. Ga zoben maiɗakina manne, rana na dukansa, yana ƙyalli kamar an kunna masa fitila. Ga babban yatsana yana tura shi. Wayar da na jingina a ƙasa ta ga abin da Kawu ya hana basarake gani. Na ɓamɓare zoben mahauci daga wuƙar na ba shi. Ya goge kakin a rigarsa ya ce ba komai, ai hannun ma abin kallo ne. Na naɗe buzuna.

Daga Gandi ban koma Goronyo ba, Rabah na nufa. Na tarar da babur ɗin taubashina a ƙofar gida. Yana zaure tare da Kawu, wanda yanzu ko tashi sai an kama shi. Ko zama ban yi ba na ce ma taubashina shi ya zana jan da'irar, ba wani ba, don ya ga na fi shi.

"Ba ni ba ne," ya ce. "Wanda duk ya kalla a babbar waya ya gani tun ranar farko. Shi na kira in gaya maka."

"Kai ina ka san abin da za a gani?"

Ya dubi ubansa, ya dube ni. Ya ce ko na tuna shekarar da ya yi baƙon dauro, muna yara, anka shimfiɗa masa tabarma a wanga zaure don iska? Kawu na gefe yana gwada hannunsa kullum da hantsi, yana zaton yaro barci yake. "Ni kwance na gan shi," ya ce. "Tun ba mu yi kaciya ba na san shi."

Kawu ya juyo da kai a hankali ya dube shi. Ashe shi ma bai sani ba.

Na zauna. Na ce, "To don mi ba ka sayar ba? Ka sayar da zare, ka sayar da ƙwai, ka sayar da ƙaryar Indiya."

"Waɗannan kowane ɗan dabo na da su, har a bidiyon Turawa akwai. Wanga na Baba ne. Kuma kai ya ba."

"Darasi na arba'in fa?"

"Ba a yin darasi na arba'in, bawana. Jiran shi aka saye. Ranar da duk na yi shi, guruf ya watse." Sannan ya ce, "Yanzu kam ka watsa mini shi, kyauta."

 Shekara nawa ina yi masa kallon mai bakin ganga, ina jin daɗin cewa akwai abu ɗaya da nake da shi wanda bai da shi. Ashe yana da shi tun kafin ni, yana zaune kansa, yana barin ina zuwa shagonsa ina ce masa bai sani ba, shi kuwa ya ce in ka ce.

Kawu ya miƙo hannu ya ce a ba shi ya gani. Taubashina ya riƙe masa wayar don hannunsa ba ya tsayawa. Ya kalla har ƙarshe, ya ce a maido, ya sake kallo. Ina jin muryata daga ciki tana cewa gadon Rabah ne, mai shi ɗaya ne.

"Hannu ya yi kyau," in ji Kawu. "Ko ni ban kai haka ba." Ya numfasa. "Wa ya zaunar da ita gabanka?"

"Ni ne, Kawu."

"Ba wanda ya sa ka?"

"Babu."

Ya gyaɗa kai. Na so ya zage ni, wallahi na so. Sai ya ce, "Kawo wuƙar." Na zaro ta daga aljihu na ba shi da hannu biyu. Ya juya ta, ya sa farce ya kankare kakin, ya daɗe yana yi saboda rawar hannu, ba wanda ya yi ƙarfin halin taya shi. Da ya gama ya ɗaga murya ya kira matarsa. Inna ta leƙo daga cikin gida, ya miƙa mata.

"Ungo. Kin ce taki ta dakushe."

Garin neman gira na rasa ido, kuma ba wanda ya tsone mini shi. Taubashina bai sha wata wahala ba, bayan 'yan makonni ya ƙirƙiro darasi na hamsin, wai ƙwai cikin kwalba, har yau shina nan tahe. Babur ɗin na yafe masa, da rawanin, da tafiya Sakkwato. Abin da na kasa yafewa shi ne shirun nan nasa. Mai baki ya riƙe zobe tun yana yaro, ni mai hannu na sake shi cikin safiya ɗaya don a ce na fi shi. A kan wannan har gobe ina ƙyashinsa, kuma ya sani, don in mun haɗu yakan ce in miƙe, mai zaune ba shi ganin alheri.

Kawu ya rasu damina biyu bayan haka, bai sake tada maganar ba ko sau ɗaya. Ni kuma ban sake shimfiɗa buzu ba. In na je Rabah gaida Inna nakan ga wuƙar cikin kwandon kayan miya, ƙotar ta tsage an ɗaure ta da roba. Zuwana na bayan nan na kai mata albasa daga gonata, ta zauna nan gabana ta yanka biyu da ita. Ta ce ba ta taɓa samun wuƙa mai kaifi irinta ba.